Na rage faɗin tiyo don ruwa ya ƙara ƙarfi, amma fangali ya daina cika da wuri

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen masana harkar ban ruwa. Ina da eka ɗaya ta albasa a gefen kogin Haɗeja, injina na fetur ne mai inci 3. Daga bakin ruwa zuwa gonar mita 200 ne, da ɗan hawa, zai kai mita 4 idan aka auna daga inda injin yake zaune. Tiyon inci 3 da nake da shi mita 60 ne kawai, sai na cike sauran mita 140 da mai inci 2, saboda ya fi araha, kuma mai shago ya ce idan aka matse wa ruwa hanya ƙarfi yake ƙarawa. To ruwan dai yana fita da gudu a bakin tiyon, har yana tone ƙasa, amma fangali yana daɗewa bai cika ba, mai yana ƙonewa fiye da lissafina, ga babban tiyon ya fara fashewa kusa da inji. Injin ne ya gaza ko tiyon ne? In sayi babban inji ne, ko yaya?

Injiniyan ruwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sayi komai tukuna. Abu uku muke so. Ka kai duro mai lita 200 ƙarshen tiyon, ka kunna inji yadda ka saba, ka duba a agogon waya daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya cika. Ka auna tsayin da ke tsakanin saman ruwan kogi da bakin injin, a tsaye fa, ba tsawon tiyon zuƙa ba. Sannan ka karanto mana abin da ke rubuce a jikin injin, wato yawan ruwan da yake iya turawa a minti da iyakar tsayin da yake iya kai shi.

Mai tambaya:
Na auna, Injiniya. Duro ya cika a daƙiƙa 48. Daga saman ruwa zuwa inji mita 3 ne. A jikin injin an rubuta lita 1,000 a minti, tsayi mita 25.

Injiniyan ruwa:
Madalla. Lita 200 a daƙiƙa 48, wato lita 250 ke nan a minti. Kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke rubuce a jikin injin ne ke isa gonarka. Injin lafiyarsa ƙalau, wannan mita 140 na inci 2 ne ya shaƙe shi.

Bari mu fara da gudun da kake gani. Duk ruwan da ya shiga tiyo ta wannan baki sai ya fita ta wancan, ba ya taruwa a hanya, ba ya matsuwa ya ƙanƙance. Don haka idan hanya ta tsuke, dole ya ƙara sauri don adadin nan ya samu wucewa. Kuma abin da ake dubawa girman ramin ne gaba ɗaya, ba faɗinsa daga gefe zuwa gefe ba. Ramin tiyo mai inci 3, wato milimita 75, murabba'in santimita 44 ne, na mai inci 2, wato milimita 50, kuwa bai cika 20 ba. Ka ga inci ɗaya kawai ka rage, amma fiye da rabin hanyar ta tafi. Da lita 250 ɗinka, ruwa yana tafiyar kusan mita 0.9 a daƙiƙa a cikin babban tiyo, yana shiga ƙaramin sai ya koma mita 2.1. Wannan ne gudun da ke tone maka ƙasa. Yawan ruwan bai ƙaru da ko ɗigo ba.

Inda asarar take shi ne gogayya tsakanin ruwa da bangon tiyo. Mu a lissafinmu da mita muke auna ta, ma'ana tsayin da injin zai iya ɗaga ruwa da ƙarfin da gogayyar ta cinye. A ce ana so a tura lita 500 a minti. A kowace mita 100, tiyon inci 4 zai ci wajen mita 1.2, inci 3 zai ci kusan mita 5, inci 2 kuwa zai ci wajen mita 35. Duba da kyau: daga 3 zuwa 2 asarar ta ninka sau bakwai. To mita 140 na inci 2 zai nemi mita 48 kafin ya bar lita 500 su wuce, alhali iyakar injinka mita 25 ce, kuma a cikinta an riga an cire 7, uku na zuƙowa daga kogi, huɗu na hawa zuwa gona. Abin da ba zai yiwu ba ne. Sai injin ya dinga rage ruwa har ya kai inda ƙarfinsa da nauyin hanyar suka yi daidai, kuma wurin nan shi ne lita 250 da ka auna.

Lambobin nan biyu na jikin inji suna ruɗin mutane da yawa. Lita 1,000 ana samun ta ne idan babu hawa, babu dogon tiyo. Mita 25 kuma tsayin da ruwan zai kai ne ya tsaya cak, ko ɗigo ba ya fita. Ba a samun su tare.

Manomin rani:
Injiniya, a yi mini afuwa, amma a nan ina tare da mai shago. Kowa ya san idan ka ɗora babban yatsa a bakin tiyo ruwa yana feshi ya yi nisa, har ka ji yana ture maka yatsan. In ba ƙarfi ne ya ƙaru ba, mene ne?

Malamin kimiyya:
Tambayar Malam tana kan hanya, kuma ita ce tushen ruɗanin gaba ɗaya. Abu biyu ne muke haɗawa mu kira su ƙarfin ruwa: gudun da yake yi, da matsin da yake yi wa bangon bututu. Ido gudu yake gani. Matsi kuwa sai da geji, wato agogon auna matsi, ake sanin sa.

Ga abin da ke faruwa da yatsa. Idan bakin tiyo a buɗe yake, ruwa mai yawa ke gudana, gogayya ta cinye kusan duk matsin a hanya, ya iso baki ba shi da saura. Da ka toshe da yatsa, ruwan da ke wucewa ya ragu, tafiyarsa cikin tiyon ta yi sanyi, gogayya ta faɗi, sai matsin da tanki ko inji ke bayarwa ya iso bayan yatsanka kusan cikakke. Shi kake ji yana ture ka. A ɗan ramin da ka bari ne wannan matsin ke juyewa ya zama gudu. Yatsanka bai ƙirƙiri komai ba, ya dai hana asara ne ta hanyar rage ruwan da ake samu. Shi ya sa feshin yake nisa, amma bokiti yake daɗewa bai cika ba.

Gwajin da zai raba gardama: ka samu tankin sama da ruwansa ke mita 5 daga ƙasa, ka jona tiyo, ka ɗaga bakin sama, ka matse shi yadda duk ka ga dama. Ruwan ba zai taɓa wuce saman ruwan da ke cikin tankin ba, ko kaiwa ma ba zai yi ba. Iyakar gudun da tsayin mita 5 zai iya bayarwa bai wuce kusan mita 10 a daƙiƙa ba, komai ƙanƙantar ramin.

A cikin wurin da aka tsuke ɗin ma, matsin faɗuwa yake yi, ba hawa ba. Daniel Bernoulli, masanin lissafi na ƙasar Siwizalan, shi ya bayyana haka a littafinsa na 1738. Dalilin mai sauƙi ne: ruwa ba zai ƙara sauri ba sai an ture shi daga baya da abin da ya fi wanda ke gabansa. Tunda yana ƙara sauri yayin shiga ƙaramin bututu, dole matsin da ke cikin babban ya fi na cikin ƙaramin. Tsayi, matsi da gudu asusu ɗaya ne, abin da aka ƙara wa ɗaya daga wani aka ciro shi.

Injiniyan ruwa:
Haka ne, Malam. Sai dai in ƙara da cewa a gonar Alhaji wannan ɓangaren na Bernoulli ƙarami ne ƙwarai, kada ɗalibai su ɗora masa laifin duka. Canjin gudu daga mita 0.9 zuwa 2.1 yana rage matsi da kimanin santimita 18 ne kacal a wajen ridusa, wato mahaɗin da ke haɗa babban tiyo da ƙarami. Gogayyar mita 140 ɗin da ke biye kuwa, a lita 250, tana cin fiye da mita 13. Kuma akwai bambanci a tsakaninsu. Santimita 18 ɗin ana iya dawo da mafi yawansu idan aka sake buɗe bututun a hankali. Mita 13 ɗin sun tafi ke nan, sun zama ɗan ɗumi a jikin ruwa da tiyo.

Mai gyaran injin ban ruwa:
Alhaji, batun fashewar tiyo da shan mai ne ɓangarena.

Mai shagon ya faɗi rabin gaskiya. Matsi ya ƙaru, amma ba a gona ba, a bayan ridusa, tsakanin inji da inda ka haɗa ƙaramin tiyo. Irin wannan inji mai fanka a ciki da ke juyawa tana tura ruwa, da zarar an tare masa gaba sai ruwa ya ragu, matsi ya hau. Da duka layin inci 3 ne, geji a bakin inji zai nuna wajen 1.2 a ma'aunin matsi da ake kira ba (bar). Yanzu yana wajen 1.8. Mita 10 na tsayin ruwa kusan ba 1 ne, ka riƙe wannan. Tiyon shimfiɗa mai araha, wanda ya sha rana shekara biyu ko uku, wannan ƙarin ya ishe shi. Kuma babban ne zai fara tsagewa, domin a matsi iri ɗaya, gwargwadon faɗin tiyo gwargwadon yadda ake jan bangonsa. Ka duba tsagar, za ka ga a tsaye take bin tsawon tiyon, galibi a kan layin ninki.

Kada ka ɗaure wajen da roba ka ci gaba. Ka yanke inda ya tsage, ka sa mahaɗi na ƙarfe ko na roba mai ƙarfi, kilif biyu kowane gefe. Mita 5 zuwa 10 na farko daga inji su zama tiyonka mafi kauri.

Mai kuma, ba wai injin yana shan fiye da da a kowace awa ba ne. Hasali ma injin fanka ya fi jin nauyi idan yana tura ruwa mai yawa. Awannin ne suka ƙaru. Eka ɗaya, idan za a ba ta ruwa mai zurfin santimita 5, tana son lita 200,000. A lita 250 a minti, awa 13 ke nan da ɗoriya. A lita 480, awa 7. Inji ɗaya, gona ɗaya, amma kusan ninkin mai, ninkin baƙin mai, ninkin lalacewar inji. Rarar da ka samu wajen sayen ƙaramin tiyo, a gidan mai kake biyan ta duk ranar ban ruwa.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. To yanzu mene ne mafita? Kuɗin sayen mita 140 na inci 3 a lokaci ɗaya zai yi mini nauyi, ga albasa tana tsakiyar buƙatar ruwa. Idan na juya, na sa ƙaramin a wajen inji, babban a wajen gona, zai taimaka?

Injiniyan ruwa:
Juyawa ba za ta ƙara maka ruwa ba, Alhaji. Gogayya jimla ce, ko ƙaramin ne a gaba ko a baya mita 140 ɗin suna nan. Abin da za ta yi kawai, babban tiyon zai huta da fashewa tunda matsin ya riga ya ƙare kafin ya iso shi, kuma ruwan zai fita a gona a hankali ba ya tone ƙasa. Don maganin tono kaɗai ba sai ka juya duka ba, ka sa guntun inci 3 mai mita 2 ko 3 a ƙarshen layi, ka shimfiɗa buhu a inda ruwan ke zuba.

Don ƙarin ruwa kuwa, ga yadda nake ganin hanyoyin.

Duka mita 200 su zama inci 3: za ka samu tsakanin lita 450 da 500 a minti. Ninki biyu ke nan. Wannan ita ce shawarata idan da hali, kuma tiyon inci 2 ɗin ba zai zama asara ba, ka yanka shi gajeru ka yi rassa a cikin gona, biyu ko uku suna zuba a lokaci ɗaya.

Idan ba hali, ka riƙa sauyawa kaɗan-kaɗan. Duk mita 100 na inci 2 da ka cire ka sa inci 3, a ruwan da kake samu yanzu ka kuɓutar da wajen mita 8 na ƙarfin inji. Ko mita 50 ka sauya za ka ga bambanci a duro.

Akwai kuma layi biyu. Ka sayi wani mita 140 na inci 2, ka sa mahaɗi mai reshe biyu a ƙarshen babban tiyon, su tafi kafaɗa da kafaɗa. Kowanne zai ɗauki rabin ruwan, kuma idan ruwa ya ragu da rabi gogayya tana komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Za ka samu wajen lita 400. Amma ka sani inci 2 guda biyu ba inci 4 ba ne, ko inci 3 ɗaya ba su kai ba: gogayyarsu ninki biyu ce ta inci 3. Ka tambayi farashin duka biyun kafin ka yanke, in tazarar ba ta da yawa inci 3 ya fi.

Babban inji kuwa a kan wannan layin zubar da kuɗi ne. Injin inci 4 ruwa yake ƙarawa, ba tsayi ba, galibi tsayinsa bai wuce na mai inci 3 ba, don haka ƙaramin tiyon zai shaƙe shi kamar yadda ya shaƙe wannan. Ko ka samu mai tsayi sosai, don ka ninka ruwa a cikin tiyon nan sai ka ninka ƙarfin turawa kusan sau huɗu, kuma tiyon ba zai ɗauka ba.

Ƙa'idar da masu tsara ban ruwa ke bi: kada gudun ruwa a babban layi ya wuce mita 1.5 a daƙiƙa, in an matsa 2. A mita 1.5, inci 2 na ɗaukar kusan lita 180 a minti, inci 3 lita 400, inci 4 lita 700. Ka ga ashe ga injin inci 3 da layi mai nisa, inci 4 ne ma ya fi dacewa. Ba doka ba ce sai tiyo ya yi daidai da bakin inji. A ƙara faɗi bayan inji babu laifi, ragewa ce matsala.

Mai aikin famfo:
In gonar taka ce ba haya ba, Alhaji, ka yi tunanin binne fayif na roba mai inci 4, wanda a kasuwa ake cewa 110. Da shi injin nan zai ba ka lita 600 ko sama. Amma a kula da abu biyu. Lambar da ake kiran fayif da ita, 63 ko 90 ko 110, faɗin waje ne, ramin ciki ya ɗan gaza haka gwargwadon kaurin bango. Sannan akwai mai siririn bango na ruwan datti, wanda ake sawa a banɗaki, shi ba a yi shi don matsi ba. Ka nemi wanda aka buga ba 6 ko ba 10 a jikinsa. A binne shi aƙalla rabin mita, don rana tana busar da shi ya riƙa karyewa, garma kuma tana kama shi.

A rage gwiwa. Kowace gwiwa mai kaifi tana cin ƙarfi kamar ka ƙara wasu mitoci na fayif, don haka a ja layi miƙe, inda dole sai an lanƙwasa a sa masu lanƙwasa a hankali. A tiyon shimfiɗa ma haka: ninkewa ɗaya a kan kunya ko a ƙarƙashin dutse ridusa ce da ba ka saya ba. Kafin ka kashe ko sisi, ka bi layin da ƙafa yayin da inji ke aiki, ka miƙe duk inda ya karye ko ya murɗe, ka sake auna duro.

Wannan magana ta shafi gidaje ma. Sau da yawa za ka ga an sauko daga tanki da rabin inci wai don shawa ta yi ƙarfi. Tankin da ruwansa ke mita 4 sama da kan shawa iyakar matsin da yake bayarwa ba 0.4 ne, ko da wane fayif. A sauko da inci 1 ko 1 da kwata, a raba da uku bisa huɗu, rabin inci ya zama guntun ƙarshe zuwa kan famfo. In ana son fiye da haka, a ɗaga tanki ko a sa injin ƙara matsi.

Mai gyaran injin ban ruwa:
Tunda za a ƙara ruwan da ke fita, a duba ɓangaren zuƙa, don a nan abin da Malamin kimiyya ya faɗa yake cizo sosai. Inji ba ya jan ruwa da kansa, rage matsi yake yi a bakinsa, nauyin iskar duniya ya turo ruwan sama. Iyakar abin da iska za ta iya a gaɓar teku mita 10.3 ne, a aikace kuwa waɗannan injina ba sa wuce 7 zuwa 8, kuma tun daga mita 5 ruwansu yake raguwa sosai. A tudu kamar Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, sai a cire kusan mita ɗaya da rabi.

Idan aka sa wa injin inci 3 tiyon zuƙa na inci 2, ko rariyar da ke bakin tiyon zuƙa ta toshe da ciyawa, gudu ya ƙaru, matsi ya ƙara faɗuwa, har ruwan ya fara tafasa yana sanyi, yana yin kumfa a bakin fanka. Kumfar tana shiga inda matsi yake da yawa sai ta fashe a jikin ƙarfe. Za ka ji injin yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a cikinsa, ruwa yana zuwa yana yankewa. In ka buɗe bayan wani lokaci za ka tarar da fankar duk ƙananan ramuka, gefenta ya cinye.

Naka mita 3 ne, yana da kyau. Tiyon zuƙa ya zama inci 3 cikakke, mai zobe a jiki wanda ba ya lotsewa, gajere iya yadda zai yiwu, yana hawa zuwa inji ba tare da wani tudu a tsakiya da iska za ta maƙale ba. Rariya ta nutse aƙalla rabin mita a ruwa don kada ta yi guguwa ta shaƙi iska, kuma kada ta kwanta a yashi, a sa ta cikin kwando ko a rataye ta a jikin jarka. A duba robar da ke cikin mahaɗin zuƙa. Ɓangaren turawa idan ya huje ruwa ke fita ka gani, na zuƙa kuwa iska ke shiga, ba ka ganin komai sai raguwar ruwa.

Mai lambun tumatir:
Allah Ya ƙara basira. Ni tawa tambayar a kan ƙaramar na'urar nan ce ta baƙar roba da ake jonawa a layin ban ruwa na ɗigo, tana zuƙo narkakken taki daga bokiti ba wuta ba inji. An sa mini ita a kan layi amma ba ta zuƙa, wani lokacin ma ruwa take turawa cikin bokitin.

Malamin kimiyya:
Wannan ita ce benturi, an sa mata sunan Giovanni Battista Venturi, ɗan Italiya da ya wallafa bincikensa a kan haka a 1797. Nan ne ake tsuke bututu da gangan. Tana da maƙogwaro siriri a tsakiya. A ce ruwa yana tafiyar mita 2 a daƙiƙa a bututu mai milimita 50. A maƙogwaro mai milimita 25 zai koma mita 8, matsi ya faɗi da wajen mita 3. A mai milimita 20 zai kai mita 12.5, matsi ya faɗi da kusan mita 8. Idan faɗuwar ta kai matsin maƙogwaro ya gaza na iskar waje, sai iska ta turo ruwan takin ta ƙaramin tiyo. Kafiretan injin Alhaji ma da wannan dabarar yake zuƙo fetur, sai dai shi iska ce ke gudu a maƙogwaron. Bayan maƙogwaro na'urar tana buɗewa a hankali, dogon ɓangaren ke nan, don ruwa ya rage gudu ba tare da hargitsewa ba, wani kaso na matsin ya dawo.

Injiniyan ruwa:
Tura ruwa cikin bokiti na nufin matsin maƙogwaro bai sauka ƙasa da na iska ba. Ka fara duba kibiyar da ke jikinta, ana yawan ɗaura ta a juye, dogon ɓangaren shi ne wajen fita. Sannan ba a sa ta kai tsaye a babban layi. A yi mata ɗan layin kewaye: ti, wato mahaɗi mai siffar T, kafin bawul, wani ti bayan bawul, benturi a tsakani. Idan za ka ba da taki sai ka riƙa rufe bawul ɗin babban layi a hankali har ka ga ruwan taki ya fara hawa. Tana son bambancin matsi tsakanin shiga da fita na kusan kashi 30 cikin 100, wani lokacin fiye. In da geji biyu, misali ba 2 a shiga, 1.3 a fita. Wanda layinsa daga tanki mai tsayin mita 2 ko 3 yake, da wuya ta yi masa aiki, gara ya narkar da takin a cikin tankin.

Yuriya tana narkewa tas. Takin NPK na ƙwaya da ake watsawa a gona yana barin laka, yana toshe maƙogwaro da ramukan ɗigo, sai dai a nemi wanda aka yi don narkewa. Matata ta kasance bayan benturi, kuma a sa bawul mai hana komawa baya kafin ta, don kada taki ya koma rijiya idan inji ya mutu. Bayan taki ya ƙare a bar ruwa zalla ya wanke layin na minti 15 zuwa 20.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Zan fara da mita 70 na inci 3 a wannan makon, fayif ɗin binnewa sai bayan an cire albasa. Idan na binne, zan sa bawul a kowane reshe don in riƙa juya ruwa daga wannan fangali zuwa wancan. Akwai abin lura?

Mai aikin famfo:
Akwai, Alhaji. Kada a rufe bawul farat ɗaya yayin da inji ke aiki. Ruwan da ke cikin mita 200 na fayif mai inci 4 ya haura tan ɗaya da rabi, kuma tafiya yake yi. In ka tare shi nan take sai ya daki bawul da gwiwoyi. A fayif na roba, tsayar da ruwa mai gudun mita 2 a daƙiƙa lokaci guda na iya ƙara wajen ba 8 a kan matsin da ke ciki, wanda ya isa ya kwance gam ko ya tsaga gwiwa. Bawul mai hannu da ake juyawa kwata ɗaya shi ya fi jawo haka, don yara suna buga shi da sauri. A babban layi ka sa mai murɗawa kamar sitiyari. Wajen juya ruwa, a buɗe reshen da za a koma tukuna, sannan a rufe na farko a hankali, ana ƙirga goma. A kowace gwiwa da ti a zuba ɗan kankare a bayanta ya tokare ta. A wuri mafi tudu a layin a sa ɗan bawul na fitar da iska, kuma ranar farko a cika layin da inji a ƙaramin wuta, duk bakuna a buɗe, har iska ta gama fita.

Mai gyaran injin ban ruwa:
Kuma kada a bar injin yana gudu duk bawul a rufe fiye da minti ɗaya ko biyu. Ruwan da ke cikinsa zai yi ta juyawa wuri ɗaya har ya yi zafi, sil ɗin da ke hana yoyo a bayan fanka ya ƙone, ya fara yoyo ta ƙasa. In za a tsaya, a rage wuta tukuna, a kashe inji, sannan a rufe. Ka sake auna duron bayan ka sa mita 70 ɗin, ya kamata ya sauko daga daƙiƙa 48 zuwa wajen 37 ko 40. In bai sauko ba, ka duba ɓangaren zuƙa da tazarar da ke tsakanin fanka da jikin inji.